Yaya Ya Ce Na Gode

Litinin, 3 ga Yuni, bakwai na safe

Yaya Evaristo ya kwana a ɗakin karatuna. Na sauke tarihin Rumawa daga kan gado na jibge a ƙasa, na ce masa daula guda ta faɗi don ya samu wurin miƙe ƙafa. Bai yi dariya ba. Jaka ɗaya ya zo da ita, sai rigar sanyi ta kamfani mai tambarin jirgin ƙasa a ƙirji. Sai da ya juya cikinta waje sannan ya rataye ta a bayan ƙofa.

Kamfani sun ba shi hutu. Sunan da suka sa wa abin ke nan. Matata Nélida ce ta ce ba zai yi hutun shi kaɗai a gidansa na Temperley ba, gidan da tagar kicin ɗinsa ke kallon layin dogo. Da kanta ta ɗauki tasi ta je ta ɗauko shi.

Ban tambaye shi komai ba. Na gani a jarida kamar kowa cewa jirgin da yake tuƙawa ya buge mutum, 'yan layuka a ƙasan shafi, kusa da hasashen yanayi.

Litinin, biyar na yamma

Na dawo daga makaranta na ɗora ruwa. Tun ina da wayo, in dai Yaya yana wuri, shi ke zuba mate, shayin ganyen nan da muke zuƙa da bututu daga ƙoƙo ɗaya. Ba a ma shawara. Zai zauna, buta a dama, ƙoƙo a hagu, ya shanye na farko mai ɗaci, sannan ƙoƙo ya kama zagaye. Yau na ajiye butar a gabansa, ya dube ta kamar wata baƙuwar dabba, hannuwansa na cikin aljihu. To, ni na zuba. Na sha, Nélida ta sha, na cika na miƙa masa.

Ya ce, "Na gode."

A ko'ina cikin duniya wannan kalma ladabi ce. A teburinmu kuwa, wanda ya ce na gode ya ce ya ƙoshi, a tsallake shi daga yanzu. A ƙarshe ake faɗinta, in ganye ya yi lami mutum zai tashi. Ba a faɗinta a ƙoƙon farko. Baba ya taɓa yin rani guda ba ya gaisawa da wani maƙwabci saboda haka.

Na tsaya da ƙoƙo a hannu har ya huce.

Talata, 4 ga Yuni, biyar na yamma

Ya ce na gode.

Alhamis, 6 ga Yuni, bakwai na yamma

Ranar Dakta Feldman. Shekara da shekaru ke nan duk Alhamis nake kwanciya a doguwar kujerarta ina kallon tsagar da ke silin, wadda na fi sani fiye da fuskar surukata. A garin nan mai gyaran famfo ma yana da likitan tunaninsa. Ya zo gyara maka yoyo, ya tafi ya bar ka da labarin cewa matsalar daga mahaifinka take.

Na ba ta labarin ƙoƙo. Ta yi shirun nan nata mai tsada, sannan ta ce, "Kai me kake gani?"

Ai kuwa na gani. Na ce ƙoƙon nan uwa ce, zagayen kuma dangi ne, Yaya ya yanke wa kansa hukuncin kora daga cikin mutane saboda yana ganin bai cancanci a shayar da shi ba. Na yi maganar har ni kaina ta burge ni. Ta ce, "Hmm." A wurinta wannan yabo ne.

Na dawo gida na tarar da shi tsaye a zaure, ya ƙura wa lemar Nélida ido, ruwan ɗorawar nan da take ratayewa kusa da ƙofa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Nélida ta fito daga kicin, ta dube shi, ta dubi lemar, ta ɗauke ta ta shiga ɗaki da ita. 

Asabar, 8 ga Yuni, goma na safe

Ruwa ake tun asuba. Nélida ta soya wainar fulawa, kamar yadda Mama ke yi duk ranar da aka tashi da ruwa a gidanmu na tsibiri. Ƙamshin kitse ya fito da shi daga ɗaki, abin da ni da duk littattafaina muka kasa.

Ya ci rabin ɗaya a tsaye, ya juya mana baya, yana kallon taga. Can ya ce, "Farfesa, makullin tsibiri yana wurinka?"

Tun ina aji uku yake kirana Farfesa, ba kuma don girmamawa ba.

Na ce yana nan wani wuri.

"Ƙarshen wata zan tafi."

Na ce madalla, hutun sanyi ya kusa, sai mu tafi gaba ɗaya, mu ga ko rufin ya tsira.

"Ni kaɗai."

Nélida ta ce, "Evaristo, a sanyin nan? Ko kare ba ya zama a tsibiri a Yuli."

"Shi ya sa."

Tun rasuwar Mama ba wanda ya kwana a gidan tsibirin. Waya ba ta kamawa sai an hau kan gadar katakon da jirgin ruwa ke tsayawa an ɗaga hannu sama. Maƙwabcin da ya fi kusa yana can bayan kwanar kogi. Kogin yana cika a irin wannan lokaci, ruwan ya yi baƙi, ya yi sauri a ƙarƙashin gadar.

Ban san dalilin da ya sa na rubuta jimlar ƙarshen nan ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, uku na rana

Mun ci taliya. Ya ce na gode.

Nélida ta same ni a kicin ina goge faranti ɗaya tun ɗazu. Ta ce, "Lisandro, kana tsoron in ya tafi ba zai dawo ba. Faɗi mana." Ta ma faɗi kalmar da kanta, ƙarara, kamar tana karanta sunan magani. Ni ba zan rubuta ta ba.

Na ce ai mutum ne mai hankali, mai tsari, wanda bai taɓa makara aiki ba.

Ta ce, "Shi ne abin da ke ba ni tsoro."

Laraba, 12 ga Yuni, shida na yamma

Ya je ganin likitar tunani ta kamfani, don dole. Ya dawo da wuri. Nélida ta tambaye shi yaya aka yi.

"Yarinya ce, sa'ar 'yata Jimena. Tana da kirki, ba laifinta. Ta ce in rufe ido in hango wurin da nake samun natsuwa."

"To?"

"Na rufe ido."

Ya shige ɗaki.

Ni kuma, da yake ba na koyon darasi duk da cewa koyarwa ce sana'ata, na zaɓo littafi ɗaya daga cikin na masana tunani, mai magana a kan firgici da yadda jiki ke riƙe abin da ya gani, na sa takarda a shafin da ya dace na tura masa ta ƙarƙashin ƙofa. Da na leƙa daga baya, na ga ya tokare ƙafar gadon da ke girgiza da shi. Gaskiya littafin bai taɓa yin amfani irin na yau ba.

Juma'a, 14 ga Yuni, ɗaya na rana, a ɗakin malamai

Ina koya wa yara faɗuwar daulolin da, hankalina na tsibiri.

Yaya yana da shekara goma sha huɗu Baba ya miƙa masa buta. A kan gada muke, da yamma, Baba ya dawo daga saran itace hannuwansa duk kanta. Bai yi jawabi ba, ya tura masa butar da ƙafa ya ce, "Zuba mu gani." Yaya ya karkata ganyen gefe ɗaya, ya jiƙa da ruwa mai ɗumi, ya dasa bututun ƙarfe, ya zuba siririn ruwa daidai gindinsa, ko ɗigo bai taɓa busasshen gefen ba. Baba ya sha har ƙoƙo ya yi ƙara. Ya mayar bai ce komai ba. A gidanmu wannan naɗin sarauta ne. Ni ina gefe da littafi, ina ta hassada. Ni da na gwada daga baya, Baba ya tofar a kogi ya nemi gafarar kifaye.

Da Yaya ya fara tuƙi, muna zaune a gari a lokacin, jirginsa yana wucewa ta bayan layinmu da hantsi. Yakan danna ƙaho sau biyu, gajere da dogo. Duk abin da Mama take yi za ta sake shi, ta ruga bakin katanga tana kaɗa tsumman kicin. Maƙwabta suna saita agogo da shi. Mama takan ce wa matan layi, "Ɗana ne wannan, mai jan jirgi. Ɗayan kuma yana karatu." Da irin muryar da ake faɗin cewa yaro yana fama da tari.

Asabar, 15 ga Yuni, sha ɗaya na safe

'Yarsa Jimena ta bugo daga Spain. Ya yi mata hirar sanyi da ƙwallo, murya garau, kamar ba shi ba. Da ya miƙo mini wayar, na fita baranda.

Ta ce, "Baffa, kada ka ba shi makullin nan. Ka ji? Ka ce ya ɓace."

Na ce ubanki ba yaro ba ne.

"Ni dai ka yi mini alkawari."

Na yi mata. Alkawari ta waya ba wuya.

Litinin, 17 ga Yuni, bakwai na safe

Dabara ta zo mini ina aski. Tunda lallashi ya ƙi, littafi ya ƙi, bari in gwada cin mutunci. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zagin duk wanda ya ɓata mate ba zai iya zama yana kallo ana wulaƙanta shi a gabansa ba. Zan yi ta yin mate mafi muni a tarihin ƙasar nan har sai ya fizge butar.

Na gaya wa Nélida. Ta ce, "Ai ba sai ka yi ƙoƙari ba, ka ci gaba da yadda ka saba."

Litinin, biyar na yamma

Na bar ruwa ya tafasa har buta ta yi ihu. Na kwarara shi a kan ganyen gaba ɗaya, ya yi iyo kamar ciyawa a ambaliya. Na ga jijiyar wuyansa ta motsa.

Ya ce na gode.

Talata, 18 ga Yuni, biyar na yamma

Sukari cokali uku, da ɓawon lemo. Nélida ta kurɓa ta ce za ka kashe mu kafin ka warkar da shi.

Ya rufe ido. Ya ce na gode. Amma ta cikin haƙora ya faɗe ta, ina ganin ci gaba ne.

Alhamis, 20 ga Yuni, shida na yamma

Yau hutu ne, ba makaranta, ba Dakta Feldman.

Na ajiye babban makamina sai yau. Na zauna daidai gabansa, na kama bututun na fara juya ganyen da shi, a hankali, kamar mai dama kunu, ina ba Nélida labarin wani sarki da ya naɗa dokinsa minista.

"Kai!"

Har Nélida ta zabura. Muryarsa ce ta da, wadda ake ji daga wancan ƙetaren kogi.

"Wa ya ce ka motsa bututu, jaki? Giyar mota ce? Duk karatun nan naka, ko ruwan zafi ba ka iya zubawa ba? Kawo nan! Kawo, kafin Baba ya taso daga kabari ya mare mu duka!"

Ya fizge ƙoƙon, ya zubar da ƙazantar da na yi, ya sa sabon ganye. Na dubi Nélida ina murmushin wanda ya ci yaƙi. Ya ɗaga butar da hannun dama.

Murfin ne ya fara ƙara. Kar-kar-kar. Sannan bakin butar ya shiga kai da kawo, ruwan ya zuba a kan ganye, a kan tebur, a kan yatsunsa na hagu. Bai ce wash ba. Ya kama wuyan hannun da ɗayan hannun, abin ya ƙi tsayawa. Ya ajiye butar a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ya tsaya yana kallon hannun.

Ya ce, "Ka gani? Ka huta?"

Ya shiga ɗaki ya rufe.

Uwa, dangi, hukuncin kora. Mutum yana ɓoye hannu a aljihu tun ranar da ya zo, yana cin abinci a tsaye da bayansa gare mu, ya daina aske gemu, ni kuwa ina can ina fassara ƙoƙo. Ba ya so ya karɓi cikakken ƙoƙo ya zubar a gaban ƙaninsa, shi ke nan.

Juma'a, 21 ga Yuni, biyar na yamma

Bai fito ba. Ban ɗora ruwa ba.

Asabar, 22 ga Yuni, biyar na yamma

Bai fito ba sai zuwa banɗaki. Nélida tana ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Ta sa man ƙuna a gefen farantin, an ɗauka.

Lahadi, 23 ga Yuni, huɗu na yamma

Ya fito, yatsu a naɗe. Ya zauna a wurinsa.

Nélida ce ta zuba yau. Da zagaye ya zo kansa, rabi kawai ta sa, kuma ba ta miƙa masa ba. Ta dire ƙoƙon a kan tebur kusa da gwiwar hannunsa, abin da ko baƙon da ba a so ba a yi wa. Sannan ta kama kunnena, a zahiri, ta juya fuskata wajen taga ta ce, "Lisandro, dubi abin da matar can ta shanya a baranda. Wannan labule ne ko wando?"

Muka daɗe muna nazarin wandon. A bayanmu na ji ƙoƙo ya ɗan gogi katako, na ji shiru, sannan na ji ƙarar nan ta ƙarshen zuƙa.

Da muka juyo, ƙoƙon yana wurinsa, hannuwansa suna aljihu.

Ya ce, "Ruwan ya yi zafi, Nélida."

Ta ce, "Sannu, sarkin buta."

Na ji kamar in fita titi in rungumi ɗan sanda.

Talata, 25 ga Yuni, bakwai na yamma

Na ɗauka an gama. Haka nake, in na ga babi ya yi daɗi sai in rufe littafi.

Ya same ni ina gyaran jarrabawa. "Makullin."

Na ce wallahi na neme shi, ina jin ya ɓace lokacin da muka yi fenti.

"Farfesa, tun kana yaro in ka yi ƙarya kunnenka ke ja. Yanzu da ba ka da gashi har daga titi ana gani."

Na ce me za ka yi a can kai kaɗai?

"In zauna inda ba a jin ƙaho. A nan ma ina ji, ka sani? Da asuba, in iska ta juyo daga kudu."

Ban sani ba. Na yi shekaru a gidan nan ban taɓa jin jirgi ba.

Na ce, Yaya, ba laifinka ba ne, kowa ya faɗa, har jarida, abu mai nauyin nan ba ya tsayawa don mutum ya so.

Ya ce, "Na san nauyinsa. Ba ni makulli."

Na ba shi. Jimena ta yafe mini.

Alhamis, 27 ga Yuni, bakwai na yamma

Na kwanta a kujerar Dakta Feldman na kasa cewa komai, karo na farko tun da muka san juna. Ita shiru, ni shiru, tsagar silin shiru. Da lokaci ya cika, ta raka ni har ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ka sa rigar sanyi mai kauri. Akwai danshi a kogi."

Ban gaya mata zan je ba. Ni kaina ban gaya wa kaina ba.

Asabar, 29 ga Yuni, biyar na yamma, tsibiri

Ya fito da jakarsa da safe ya tarar da ni a zaure da tawa.

"Ina zuwa?"

"Gidan ubana. Rabinsa nawa ne. Zan je in duba rabina."

"Ba na son surutu."

"Rabina ba ya surutu."

Nélida ta cusa mana burodi da ganye da tsiran alade, ta sumbace shi a goshi, ni kuma ta ce in na buɗe baki ya jefa ni a ruwa, ta ba shi izini.

Zuwa Tigre, inda ake shiga jirgin ruwan tsibiri, jirgin ƙasa kowa ke hawa. Mu bas muka shiga, mai tsayawa a kowane lungu. Mun yi nisa lafiya, sai bas ya tsaya a wata mahaɗar titi da layin dogo, an sauke sanda, ƙararrawa tana bugawa. Na dube shi. Idonsa a rufe. Hannun daman ya fito daga aljihu da kansa, ya kama wani abu da babu shi a iska, yana ja baya, yana ja, har jijiyoyi suka fito. Jirgin ya zo ya wuce, tarago bayan tarago, hannun bai saki ba.

Ina da jimloli masu kyau da yawa a baki. Na haɗiye su. Na ɗora hannuna a kan nasa na taya shi ja, har aka ɗaga sandar.

Wata tsohuwa a kujerar gefe ta dube mu, ta kawar da kai cikin ladabi.

Gidan yana nan. Ya yi ƙanƙanta, ko kuwa mu ne muka kumbura. Warin danshi, kashin jemage, kalandar shekarar da Mama ta rasu. Zanen da Baba ke yi a jikin ginshiƙi duk lokacin da ruwa ya hau yana nan, wani sama da wani. Mun share, mun kunna murhu. Ya gyara famfon da hannun hagu yana zagina don na riƙe masa fitila a karkace.

Duk inda ya nufa ina biye da shi. Ya je bayan gida ɗebo itace, na tuna ina son ganin itace. Ya hau gada, na tuna ina son ganin gada. Ya ce, "In zan yi fitsari ma sai ka duba rabinka?"

Lahadi, 30 ga Yuni, tara na safe

Na farka ban gan shi a gado ba. Ban san na iya gudu ba sai yau, ba takalmi, a kan raɓa mai kama da ƙanƙara.

Yana ƙarshen gada a zaune, ƙafafu na lilo a saman ruwa, hazo ya rufe ɗaya ƙetaren. Ya juyo ya dube ni, da gajeren wando da tabarau a karkace.

"Kifi nake kallo, Farfesa. Je ka sa wando."

Lahadi, shida na yamma

Ya faɗa mini.

Ban tambaya ba. Muna zaune a gada, na zuba rabi na dire kusa da shi ina kallon wani wuri, sai ya fara, da muryar da yake ba da rahoton aiki. Tun daga fitowarsa daga tasha, da ruwan da ake yi a ranar, da wata lema ruwan ɗorawa a kan layi, har zuwa lokacin da aka zo aka ɓamɓare yatsunsa daga kan birki. Bai yi kuka ba. Ni na yi, ya ce in daina, ina kora kifi.

Da ya gama ya ce, "Kada ka rubuta wannan a littafin nan naka. Kada kuma ka kai wa matar nan mai kujera. Kada ka gaya mini abin da yake nufi. Ba ya nufin komai. Ya faru ne kawai."

Na ce to.

Wannan alkawarin zan cika.

Mun zauna har sauro na sanyi, waɗanda ko mutuwa ba su iya ba, suka kore mu. Ya tuna mini ranar da na faɗa ruwa da littafi a hannu, na ɗaga littafin sama ni kuma ina nutsewa, ya kamo ni ta gashi. Ya ce da yanzu ne da ba abin kamawa.

Ya ce gobe in koma. "Yara suna jiranka, wa zai gaya musu wanda ya ci wa da yaƙi? Ni ina nan. Na ce maka ina nan."

Na ce to. Ban san ko na yarda ba. Na san dai ba zan iya gadinsa har abada ba, kuma in na ƙi tafiya na gaya masa ke nan ban yarda da maganarsa ba, bayan abin da ya ba ni yau.

Litinin, 1 ga Yuli, sha ɗaya na safe

Na haɗa jaka. Ya rako ni gada, da bargo a kafaɗa kamar Baba. Jirgin ruwan fasinja ba ya tsayawa sai an ɗaga masa hannu, kuma a gidanmu mai rakiya ke ɗagawa, don matafiyi yana riƙe da kaya. Haka Baba ya yi mana duk Litinin ɗin duniya.

Muka ji injinsa tun kafin ya sha kwana. Na ce akwai miya a tukunya. Ya ce ya gani. Na ce waya tana kamawa a ƙarshen gada. Ya ce a nan aka haife shi. Na ce Nélida za ta so ta ji muryarsa. Ya ce in rufe baki.

Jirgin ya fito daga hazo, katakonsa na sheƙi. Matuƙin ya rage gudu da ya hango mutum biyu da jaka, yana jiran alama. Na ɗauki jakata. Ban dubi Yaya ba, na koyi wannan a wurin Nélida. Ina kallon jirgi, ina jira in ga inuwar hannu ta tashi a gefena.

Matuƙin ya leƙo ta taga, ya buɗe tafin hannu yana tambaya. Ya ɗan jira. Sannan ya ɗaga kafaɗa ya ƙara wuta. Igiyar ruwan ta zo ta bugi ƙafafun gada, ta koma.

Muka tsaya muna kallon bayansa har ya shige kwana.

Yaya ya ce, "Ka rasa jirgi, sakarai."

Na ce, "Kai ne ba ka ɗaga hannu ba."

Ya fito da hannun daga bargo, ya dube shi yana rawarsa, ya nuna mini.

"Da wannan? Sai ya ɗauka ban kwana nake masa."

Na ce akwai na hagu.

Ya yi kamar bai ji ba. Ya karɓi jakar daga hannuna, da hagun, ya juya ya nufi gida. Ya yi 'yan taku, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Akwai wani ranar Laraba. Ko Juma'a. Zo ka hura wuta, rabinka ya fi nawa sanyi."